Darasin Wannan Mako: Ko Hannu Yana Koyon Aiki Daga Allon Waya?

Darasin wannan mako gardama ce ta haife shi. Ranar Litinin da aka tashi tara, wani ɗan ajinmu na SS2 ya bugi ƙirji ya ce shi fa ya iya mota, ko yau aka miƙa masa mukulli zai kai mu Shuwarin ya dawo da mu lafiya. Da aka tambaye shi wa ya koya masa, sai ya ce wasan tseren mota na waya, shekara biyu ke nan yana bugawa. Aka kwashe da dariya. Malaminmu na Fiziks da ya zo wucewa ya ji abin da ake ciki, ya ce mu kada mu yi saurin dariya, shi kuma kada ya yi saurin karɓar mukulli, 'yan kulob ɗin jarida su je su bincika su kawo wa makaranta amsa. Mun bincika iya ƙarfinmu, ga abin da muka samo.

Tambayar ita ce: in mutum ya yi atisaye a duniyar kwaikwayo, wato a kwamfuta ko a waya ko cikin tabaron nan da ake kira VR, wanda in ka ɗaura shi a fuska sai ka ga kamar kana wani wuri dabam, me yake fitowa da shi in ya dawo duniyar gaske? Akwai abin da yake fitowa da shi kuwa, har da yawa. Akwai kuma abin da yake bari a can.

Matuƙa jirgi ne suka fara

Duk jirgin da kuka ga ya tashi da alhazai daga filin jirgin saman Dutse, wanda aka buɗe a 2014, matuƙinsa ya sha yin haɗari kafin ranar. Injinsa ya sha mutuwa a sama, wuta ta sha kamawa, hazo ya sha rufe masa hanya. Sai dai duk a cikin wani ɗaki aka yi, a ƙasa, babu wanda ya ko ƙuje. Ɗakin na'urar kwaikwayon tuƙi ce: kujera irin ta jirgi, maɓallai irin na jirgi, tagogin kuma alluna ne da ke nuna sama da ƙasa, ɗakin kansa yana bisa ƙafafun ƙarfe masu karkata shi yadda jirgi ke karkata. Ba sai an je Turai ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyarwa da irin waɗannan na'urori. Matuƙan manyan jiragen fasinja kuma, komai daɗewarsu a aiki, ana mayar da su cikin na'urar a kai a kai, galibi duk bayan wata shida, a jarraba su.

Asalin abin ya girmi kwamfuta. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya haɗa na farkon da ya yi suna. Mahaifinsa masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska gare shi, sai ɗan ya ɗebo zugazugan da ke hura kayan kiɗan ya sa su a ƙarƙashin wani akwati mai kama da ƙaramin jirgi, in ka juya sandar tuƙi zugazugan su karkata akwatin. Da farko wuraren wasan yara ne suka fi saye. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka mutu cikin 'yan watanni, da yawansu saboda ba su saba tuƙi cikin duhu da hazo ba. Nan take sojoji suka sayi guda shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an horar da matuƙa kusan rabin miliyan da akwatin Link.

Ku lura da abin da akwatin ya koyar. An rufe ɗalibi a ciki ba ya ganin waje, dole ya dogara da agogunan da ke gabansa. A cikin jirgin gaske ma in hazo ya rufe, agogunan nan su ne kaɗai idon matuƙi. Abin da ido ke kallo a wurin atisaye shi ne dai abin da zai kalla a wurin aiki, abin da hannu ke riƙewa ma haka. Wannan shi ne sirrin, kuma tun 1901 masana halayyar ɗan Adam biyu, Thorndike da Woodworth, suka rubuta cewa horo a kan wani aiki yana amfanar wani aikin ne gwargwadon abubuwan da ayyukan biyu suka yi tarayya a kansu.

Likitoci ma sun gwada. Akwai tiyatar da ba a tsaga ciki, sai dai a huda ƙananan ƙofofi a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana aiki. A 2002 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka raba likitoci 16 masu neman ƙwarewa gida biyu, rabi suka yi atisaye a na'urar kwaikwayo, rabi ba su yi ba, sannan kowa ya shiga aikin cire madaciya a jikin marar lafiya na gaske, manya suna sa ido. Waɗanda suka yi atisayen sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kurakuran ɗaya ɓangaren kuma sun ninka nasu kusan sau shida. Dalili bai ɓuya ba: wannan tiyata ko a ɗakin tiyatar allo ake kallo.

Har ɗan ajin namu yana da wanda zai kafa hujja da shi, kuma adalci ne mu faɗa. Wani matashi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya lashe gasar wasan tseren mota na Gran Turismo a 2011, kamfanin Nissan ya ɗauke shi, a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, da motar gaske. To amma shi da sitiyari da birki da totur yake buga wasansa a gida, ba da manyan yatsu biyu a kan gilashin waya ba. Kuma bayan ya ci gasar sai da aka yi watanni ana horar da shi a motar gaske kafin ya sami lasisin shiga manyan tsere. Ɗan uwanmu bai taɓa taka kuloci ba. In gani a ƙasa, in ji kare da aka ce ana biki a gidansu.

Ƙwallo uku, hannu biyu

Aikin da ya fi fito da wannan magana fili ƙarami ne, shi ya sa masana suke son sa: wasan cafe da ƙwallo uku, wanda mutum zai riƙa jefa su sama ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, kullum akwai aƙalla guda a iska. Tsohon wasa ne, akwai zanen mata suna yin sa a bangon wani kabari a Beni Hasan ta ƙasar Masar, zanen ya kai shekara dubu huɗu. Mu ma nan muna da danginsa. Duk wadda ta yi 'yar carafke ta san abin: ki jefa dutse sama, ki kwashi na ƙasa, ki cafe na saman kafin ya faɗo. Ido yana sama, hannu yana aiki a ƙasa ba tare da an kalle shi ba.

Me ya sa ƙwallo uku ke da wuya? Lokaci ne babu. 'Yan ajin kimiyya ku ɗauko biro. In ka jefa abu sama ya kai tsawon h, lokacin da zai yi a iska kafin ya dawo hannunka shi ne 2 × √(2h/g). Mu ɗauki g a matsayin 10. In ka jefa rabin mita, wato daga ƙugu zuwa goshi, lissafi zai ba ka kusan sakan 0.63. A cikin wannan ɗan taƙin za ka ga inda ƙwallon ta nufa, ka jefa wadda ke ɗaya hannun don ka samar mata wuri, ka cafe. Wani zai ce to a jefa da nisa mana. Gwada lissafin: in kana son lokacin ya ninka biyu, sai ka ninka tsawon sau huɗu, mita biyu ke nan don ka sami sakan 1.26 kacal, kuma duk ɗan kuskuren da hannu ya yi wajen jifa, tsawon zai ƙara girmama shi. Sabon shiga yana tsakanin abu biyu, ko lokaci ya yi masa kaɗan ko ƙwallo ta tsere masa.

A nan ne duniyar kwaikwayo ke yin abin da malamin duniya ba zai iya ba. A cikin tabaron VR, g lamba ce kawai da mai tsara manhaja ya rubuta, yana iya rage ta. In ya mayar da ita 1.6, kamar ta duniyar wata, jifan rabin mitan nan zai ɗauki kusan sakan 1.6, wato lokacin ya ninka sau biyu da rabi. Ɗalibi zai ga ƙwallaye suna tafiya a hankali, ya gane tsarin: dama ta jefa, in ƙwallon ta kai ƙololuwa hagu ta jefa tata ta ƙarƙashinta, in wannan ta kai ƙololuwa dama ta sake. In ya kama tsarin sai a riƙa ƙara saurin kaɗan-kaɗan. Ga shi kuma ba sunkuyawa ɗauko ƙwallon da ta faɗi, ba bin ta ƙarƙashin benci. Wanda ya taɓa koyo ya san rabin lokacinsa a tsintar ƙwallo yake tafiya, kuma nan ne mafi yawan mutane ke zuciya su bari. Na'urar tana iya zana maka layin da ƙwallonka ta bi da wanda ya kamata ta bi, ka ga kuskurenka da idonka.

Duk wannan gaskiya ne. Amma me hannun yake riƙe da shi? A mafi yawan irin waɗannan tabarau, wani abin riƙo ne na roba mai maɓalli. Nauyinsa ɗaya ne ko ka cafe ko ba ka cafe ba. Sakin ƙwallo ɗaga yatsa ne daga maɓalli. A zahiri kuwa saki aiki ne na yatsu biyar da tafin hannu da wuyan hannu, kuma tafin hannunka ne ke gaya maka ƙwallo ta sauka a tsakiya ko a gefe, tun kafin ido ya sani. Wannan labarin da fata da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa babu shi a cikin tabarau. Ga kuma jinkiri: tsakanin motsin kanka da sauyawar hoto akwai ɗan lokaci, in ya yi yawa sai jiri da tashin zuciya, shi ya sa masu ƙera tabaran ke ƙoƙarin kada ya wuce kashi ɗaya cikin hamsin na sakan.

Rage saurin ma yana da nasa tarkon. A 1998 an yi wani gwaji a cikin kumbon Columbia yana kewaya duniya. Aka riƙa harbo wa 'yan sama-jannati ƙwallo daga sama suna cafewa. A can abu ba ya ƙara gudu in yana saukowa, amma sai aka ga hannayensu suna shirin cafewa da wuri, kamar har yanzu suna ƙasa. Idonsu yana ganin ƙwallo a hankali take zuwa, jikinsu yana bin lissafin da ya saba da shi tun suna jarirai. Ma'ana jiki yana da nasa lissafin na faɗowar abubuwa, kuma sabo ne ke rubuta shi. Wanda ya daɗe yana wasa da ƙwallayen da ke saukowa a hankali, lokacin da yake koya wa hannunsa ba na wannan duniyar ba ne. A matsayin tsani abin yana da amfani, in an zauna a kai ya zama cikas.

Wani bincike kuma ya burge mu, ko da yake da ƙwallayen gaske aka yi shi. A 2004 masana a Jami'ar Regensburg ta Jamus suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 24, rabinsu suka yi wata uku suna koyon ƙwallo uku har suka iya riƙe wasan na minti guda. Da aka sake ɗaukar hoto sai aka ga wasu sassan ƙwaƙwalwarsu masu lura da motsin abubuwa sun ƙaru. Suka daina wasan na wata uku, ƙarin ya ragu. Ashe manyanmu da ke cewa hannu yana mantuwa in an ajiye sana'a ba su faɗi ba daidai ba.

Inda abin ya shafe mu

Kada wani ya ce mu da ba mu taɓa ganin tabaron VR ba ina ruwanmu. Da ruwanmu, don kusan kowannenmu yana koyon wani abu daga allo, kuma akwai jarrabawa biyu a gabanmu da wannan darasi ya raba su.

Ta farko JAMB. Tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. A nan atisayen kwamfuta da jarrabawar abu ɗaya ne: allo ne, madannai ne, agogo ne yana ƙirga lokaci a gefe. A, B, C, D na zaɓar amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Wanda ya zauna gaban kwamfuta sau goma kafin ranar, ko ya yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ya yi irin abin da matuƙin jirgi ke yi a Zariya. Mun ji labarin yayyenmu masu ƙoƙari da suka ɓata mintuna masu tsada suna kokawa da linzamin kwamfuta, hannu na rawa, saboda ranar ce farkon taɓawarsu. Atisaye a waya yana taimakawa wajen sanin tambayoyi, amma yatsan da ya saba shafa gilashi bai saba da madannai ba. 'Yan SS3, ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta kada ku tsaya a baya kuna leƙe ta kafaɗar wani.

Ta biyu ita ce jarrabawar gwaje-gwaje ta Kemistiri a WAEC da NECO. Akwai bidiyoyi da manhajoji masu kyau da ke nuna yadda ake taitireshan, kuma muna ba da shawarar a kalla: za ka san jerin matakai, ka san kalar da kake jira, ka san yadda ake cike jadawali. Sai dai ranar jarrabawa hannun hagunka ne zai riƙe famfon buret, na dama yana kaɗa kwalba, kuma bambancin amsa mai kyau da marar kyau ɗigo ɗaya ne ko biyu. Yadda za ka murɗa famfon ya riƙa sakin ɗigo ɗai-ɗai maimakon ya zubo, babu bidiyon da zai sa maka wannan a yatsu. Wanda ya kalli bidiyo hamsin yana iya jin ya ƙware, kuma wannan jin shi ne haɗarin, don shi ke sa mutum ya ƙi zuwa ranar da aka fito da kayan aiki. Muna roƙon malamanmu, da girmamawa, ko da ruwan famfo ne zalla a cikin buret ɗin, a bar kowane ɗalibi ya murɗa da hannunsa kafin ranar. Ruwa ba ya cin kuɗin sinadari.

A taƙaice dai tambaya biyu muka koyi yi wa duk wani horo na allo. Abin da nake kallo yanzu, shi zan kalla ranar aiki? Abin da ke hannuna yanzu, shi zan riƙe ranar? In amsoshin duka e ne, a dage. In ta farko ce kaɗai e, to ido ya samu, saura hannu.

Gwajin da kowa zai iya

Ba mu da tabarau, amma muna da hanyar rage saurin faɗowar abu ba da ko sisi ba: leda. Masu koyar da wasan cafe a ƙasashen waje da ƙananan gyale marasa nauyi suke fara wa yara, don iska tana riƙe su. Baƙar ledar cefane tana yin wannan aiki. Mun gwada a bayan ajinmu, ga yadda muka yi.

A samo leda uku. A fara da ɗaya, a kama ta a tsakiya da yatsu, a ɗaga hannun dama zuwa saitin kafaɗar hagu a saki, a cafko ta da hagu tana saukowa. In an saba sai a ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu: dama ta saki, in ledar ta kai ƙarshen hawanta hagu ta saki tata zuwa ɗaya ɓangaren, sannan a cafe, a cafe. Kuskuren da kusan dukkanmu muka yi shi ne miƙa ta biyun daga hannu zuwa hannu ta ƙasa maimakon a jefa ta sama. A yi ta faɗa da baki, jefa, jefa, cafe, cafe, har hannu ya ji. Sannan ta uku: biyu a dama, ɗaya a hagu, dama ce ke farawa. Yawancinmu mun kama tsarin a tara ɗaya, har muka fara jin kanmu.

Washegari muka ɗura gero a tsofaffin safa muka ƙulle, kowace kamar girman lemun tsami babba, don ita ba ta gangarawa in ta faɗi. Nan aka ga rogo ba kitse ba ne. Kai ya san abin da za a yi sarai, baki ma yana faɗa, hannu ya ƙi. Leda daga sama ake cafko ta, tafin hannu yana kallon ƙasa. Ƙwallo kuwa tafin hannu sama yake kallo, kuma kafin ka ce jefa ta biyu ta farko ta iso. Wasunmu suka riƙa jefawa gaba suna bin ƙwallaye da gudu har bakin katanga. Duk da haka ledar ba ta tashi a banza ba: waɗanda suka yi ta ba su sake tambayar wane hannu ne ke jefawa ba, faɗansu da sauri ne kawai da saiti. Waɗanda suka fi kowa saurin kamawa kuwa, abin bai yi wa mazan kulob daɗi ba, 'yan matan da suka taso suna carafke ne.

In za ku gwada, ku tsaya gab da bango kuna fuskantarsa don ya hana ku jefawa gaba, gwiwar hannu kusa da jiki, ido a kan inda ƙwallo ke juyowa, ba a kan hannu ba. Minti goma kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya.

Ranar Alhamis bayan an tashi za mu kawo leda da ƙwallayen gero ƙarƙashin bishiyar maina ta kusa da ɗakin karatu. Ga fili ga mai doki. Malamin Fiziks ya yi alƙawarin zai zo da agogo, kuma za mu liƙa sunan duk wanda ya yi cafe goma a jere a wannan allo mako mai zuwa. Direbanmu na Shuwarin ya riga ya ce a rubuta sunansa a farko.